Zakarun Baba Filibus

Duk wanda ya daɗe a Ƙofar Marusa ya san Baba Filibus, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogon tsoho ne siriri, mai tafiya yana kallon ƙasa kamar yana neman inda ruwa ke yoyo. Sana'arsa ce ta bar masa wannan tafiyar. Mai gyaran famfo ne na gwamnati, ya ƙarar da ƙarfinsa a gidajen GRA, durƙushe a bayan ɗakunan wankan manyan ma'aikata. Ya san gidan da ake tura ƙashi a bututu, ya san gidan da maigidan ba ya amsa gaisuwa. Bai taɓa ba kowa labari ba. Ba wai riƙon amana ne ya yi masa yawa ba, shi dai ba mai magana ba ne.

Daga wani ƙauye ta wajen Kafur ya shigo birni yana saurayi. Bahaushe ne, Kirista, haka ubansa. Ya gaji da amsa tambayar mutanen da ke jin Hausa tsantsa a bakinsa, su ji sunansa, su ce, “To amma asali kai ɗan ina ne?” Da ya sami aiki ya koma gida ya auro Rahila, suka kama ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a wani lungu, daga baya ya saye wurin. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Malam Babaji tela da matarsa Ma'u. Haihuwa uku Rahila ta yi, ɗaya ya tsaya, Irimiya, wanda yanzu ke aiki a Kaduna.

Rahila ce bakin gidan, ita ce ƙafarsa. Ita ke zuwa barka, ita ke zuwa ta'aziyya, ita ta san ɗan wa ke zazzaɓi a lungun. Kirsimeti ƙauye suke zuwa yi, saboda haka ranar sabuwar shekara ce bikinta da maƙwabta. Ta dafa dafa-duka da naman kaza, ta cika langa uku, a kai gidan Malam Babaji, da gidan Hajiya ta ƙarshen lungu, da gidan hayar da ke kallon nasu. Da yamma kwanonin su dawo a wanke, kowane da ɗan abu a ciki, dabino ko ƙuli-ƙuli ko goro. In Babbar Sallah ta zo, nama ya yi ta shigo musu har su rasa wurin shanya.

Duk wannan Filibus daga nesa ya san shi. Shi ne mai riƙe mabuɗin cocinsu, can wani gefen gari. Ranar biki tun da asuba yake hawa kekensa ya je ya buɗe, ya share, ya jera benci, ya buga wilin motar da suke amfani da shi a matsayin ƙararrawa. Ba ya dawowa sai rana ta karya. Ya tarar an gama komai, an rufe masa nasa. Irin mazan nan ne da ke zaton abinci a cikin kwano yake tsirowa.

Abu ɗaya ne yake buɗe baki a kansa. In dattawan coci sun zauna suna ƙorafin cewa maƙwabtansu Musulmi ba sa cin naman gidansu, sai ya gyara zama ya ce, “Mu a lungunmu babu wannan. Tun da nike ba a taɓa maido mani da abinci ba. Mun wuce nan.” Ya faɗi wannan ya fi a ƙirga, har wasu suka fara cewa da shi ɗan lungun aljanna.

Da daminar bara Rahila ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne. Ba ta yi jinya mai tsawo ba. Lungun ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, Malam Babaji ya rufe keken ɗinkinsa ya zauna karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Daga nan kowa ya koma sha'aninsa, don haka duniya take. Filibus ya rage da kujeru biyu a tsakar gida da rediyon da ba ya saurara. Ma'u ta yi ta aiko da tuwo, shi kuwa ya ci ya mayar da kwanon ba komai a ciki, wani lokaci ko wankewa babu. Bai san ana wani abu ba. In ya fito ya ce wa Malam Babaji “Ina kwana,” a amsa masa, sai maganar ta ƙare, don da can Rahila ce ke ɗorawa daga nan.

Kirsimeti bai je ƙauye ba. Shayi da burodi ya ci. Da yamma Irimiya ya kira.

“Baba, ka taho Kaduna. Ga ɗaki nan babu kowa ciki. Wa kake da shi a Katsina?”

“Ina da mutane.”

“Mutanen Mama ne, Baba.”

Filibus ya dubi kujerar Rahila.

“Ƙarshen Janairu zan zo da mota,” in ji Irimiya. “Ka fara haɗa kaya.”

Lahadin ƙarshe ta shekara faston nasu, wani matashi mai son zagaya bagade, ya yi wa'azi a kan ƙudurin sabuwar shekara. Ya ce kada kowa ya kawo wa Allah buhun alkawura wanda kafin Fabrairu ya yage. A ɗauki abu ɗaya, kuma ya zama abin da zai amfani wani, ba kai kaɗai ba. A faɗa wa Ubangiji shi a fili, a fara shi ranar farko. Aka sunkuyar da kai. Wata a gaba tana ta raɗa sunan kishiyar sana'arta da za ta yafe wa, wani yana alkawarin barin giya kamar yadda ya yi bara. Filibus yana bencin baya kusa da ƙofa. Ya yi wa Allah magana yadda ya saba yi wa injiniya bayanin aiki, a taƙaice.

“Ubangiji, ka ɗauki Rahila, ban ce komai ba. Bana tukunyarta ba za ta kife ba. Zan ciyar da maƙwabta kamar yadda ta yi. In sun ci, mutanena ne, na zauna. In ba haka ba, ka nuna mani, in bi yaron nan.”

Rabin maganar ƙuduri ne, rabi jarrabawa ce ya ɗora wa mutanen da ba su san an ɗora musu ba. Shi bai ga bambancin ba.

Ranar jajibere ya sayo zakaru biyu. Ranar ɗaya ga wata, karo na farko tun da aka ba shi mabuɗin coci, ya bar shi a hannun wani. Da hantsi ya wasa wuƙa a bakin dakali, ya fito da zakarun bakin kwata, ya taka fukafukan na farko, ya yi addu'a cikin sunan Yesu, ya yanka. Almu ɗan acaba, wanda ke haya a gidan da ke kallon nasa, yana goge babur.

“A'a, Baba, yau da kanka?”

“Da kaina. Hannuna bai mutu ba.”

“Haka ne, Baba,” in ji Almu, ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

Malam Babaji yana zaure a kan keken ɗinki. Ya ɗago kai ya duba ta saman tabarau, ya buɗe baki, ya sake rufewa, ya taka keken.

Girkin ya ba Filibus wuya. Figar kajin kaɗai ta kai shi azahar. Hayaƙi ya sa shi hawaye, ya bar su suna zuba tun da akwai abin ɗora wa laifi. Ya zuba gishiri, ya manta ya zuba, ya ƙara. Amma ya gama. Ya cika langa uku na Rahila masu zanen fure, ya kai da ƙafarsa gida-gida. Kowa ya karɓa da hannu biyu. “Madalla, Baba. Allah ya maimaita mana. Allah ya ba da haƙuri.” Kafin magariba kwanonin suka dawo a wanke tas, da dabino a ɗaya, ƙuli-ƙuli a ɗaya, goro a na ukun. Ya jera su a kan kujerar Rahila yana kallo. Sannan ya kira Kaduna, abin da bai cika yi ba.

“Sun ci,” ya ce. “Ko ƙwaya ba su rage ba.”

“Wa ya ci me, Baba?”

“Ka dai ji na ce sun ci.”

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, yana ƙoƙarin rufe tagogi, sai ga Maman Talatu, 'yar cocinsu mai shagon kayan masarufi a bakin titin unguwar. Mace ce mai murya, ba ta iya magana a hankali ba ko a wurin makoki.

“Baba Filibus, sannu da aiki! Ashe ka iya girki? Amma gishirin nan, kasuwar ka kwashe gaba ɗaya?”

“Wane gishiri?”

“Na shinkafar nan mana! Langa uku suka shigo mini ran nan. Na Ma'u, na matar Almu, na Hajiya. Muka ci har washegari, yara na ta shan ruwa kamar raƙuma. Na ce kai, Baba ya tuna da mu da yawa bana.”

Ta ga fuskarsa. Ta kai hannu baki.

“Au. Ba kai ka ce a kawo mini ba?”

“Ni ne,” in ji Filibus. Ya ja tagar ya sa sakata.

Bai hau keken ba, tura shi ya yi har gida. Ya wuce zauren Malam Babaji ya ɗaga hannu kawai. Ya shiga ya rufe ƙofa. Dabinon na nan a kan kujera, ya kwashe ya zuba a aljihun wata tsohuwar riga don kada ya riƙa ganinsa.

Ba ƙin cin ne ya fi cinsa ba. Tunanin da ya hana shi sakat shi ne, watakila haka ake yi tun fil azal. Watakila shekara talatin da ɗoriya Rahila tana tsuguno a bakin wuta, ana karɓa da murmushi, ana zagayawa da shi ta baya, a wanko mata kwano a sa mata dabino kamar yarinya. Shi kuma yana can yana cika baki gaban dattawa. Da ya durƙusa yin addu'a abin da ya iya cewa kawai shi ne, “Na ji. Ka nuna mani.”

Ya daina fitowa dakali. Famfon tsakar gidansa ya fara ɗiga, yana jinsa, ya bar shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana toshe yoyon gidajen wasu ya zauna yana sauraron nasa. Bai kira Irimiya ba, amma ya fara haɗa kaya. Nasa ba su da yawa. Na Rahila ne aiki. Ya sauko da tukwanenta, ya sa ƙanana cikin manya, ya ɗaure da igiya, suna ta ƙara.

Ƙarar ce ta kawo Ma'u. Wata safiya ta yi sallama, ta turo ƙofar ba ta jira an ce ta shigo ba, ta tsaya daga bakin zaure da mayafinta. Tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, ita ta karɓi haihuwar Irimiya.

“Baban Irimiya, ina kwana? Ya sanyi? Ya ƙarin haƙuri?”

“Lahiya. Da godiya.”

“Ina jin ana ɗaure tukwane ta katanga. Tahiya za a yi ba sallama?”

“Abincin da ba a ci, mi za a yi da tukunyarshi?”

Ma'u ta dube shi, ta dubi tukwanen. “Maman Talatu,” ta ce. “Bakin nan nata sai Allah.”

“Gara ita, ta faɗa mani gaskiya. Tun yaushe kuke kai mata? Tun Rahila na amarya?”

“Kai, Baban Irimiya, ka ji tsoron Allah. Abincin Maman Irimiya har rigima ake a kanshi gidanmu. Malam ɓoye cinya yake a aljihun keke. To bari in tambaye ka. Duk shekarun nan, wa kake tsammani ke yanka mata kajin?”

“Irimiya.”

“Irimiyan da ke gudu bayan ɗaki in ya ga jini? Kuma shekara nawa da barinshi garin nan?”

Ta nuna katangar da hannu.

“Malam ne. Kana hita da kekenka da asuba, sai ta taka turmi ta miƙo su ta katangar nan, ƙafafu ɗaure. Malam ya yanka, in miƙa mata. Duk lungun nan an sani. Kai kaɗai ne baƙo.”

“Ba ta taɓa gaya mani ba.”

“Ka taɓa tambaya?”

Ya zauna a kan ƙullin kaya. Can ya ɗago. “Wato yankana ƙazanta ne.”

“Ban ce ba. Akwai malaman da suka ce babu laihi, Malam ma ya ji hakan. Amma ni tun ina ɗiya ban ci ba, zuciyata ba ta ɗauka, ba kuma da furfura zan fara ba. Ita ta gane, ba ta tsaya gardama da mu ba. So take mu ci, sai ta bi inda za mu ci.”

“To mi ya hana Malam magana? Yana kallona ina wasa wuƙa.”

“Nauyi. Ya shigo ya ce mani, Ma'u, ya zan tare mutumin da ya binne matarshi, ya hito zai yi abin kirki, in ce mashi aje wuƙar? Ni na ce a kai wa Maman Talatu, don abinci dai ba a zubar da shi. Mun yi wauta, na yarda. Amma kai ma ka yi taka.” Ta gyara mayafi. “Famfon nan kuma ka gyara shi, yana hana ni barcin rana.”

Ta fita. Kada a zaci ya ji sanyi. Wani ciwon ne ya maye gurbin wani. Abin da ya yi shekaru yana taƙama da shi, cewa a lungunsu babu bambanci, ashe akwai shi, yana nan daram kamar katangar. Mace ɗaya ce ke taka turmi kowace shekara tana miƙa kaji ta samansa. Ya yi fushi da Rahila, fushi sosai, irin wanda bai yi da ita tana raye ba. Ya yi fushi da Malam Babaji. Ya kwana biyu yana cewa a ransa, dattijon coci guda, da gemunsa, ya ɗauki kazarsa ya kai wa wani ya yanka masa? Me zai ce wa mutanen da ya cika wa baki? Kaduna ta fi sauƙi. A can ba wanda ya san shi, balle ya roƙi wani abu.

Nan ne gizo ke saƙa a halin Filibus: bai taɓa roƙon kowa komai ba. Ko ashana.

Lahadin da ta biyo, bayan kowa ya watse, ya zauna a bencinsa na baya da tsintsiya a hannu. Maganar da ya yi wa Allah ce ta dawo masa, kalma-kalma. Bai ce zai ciyar da su yadda ya ga dama ba. Cewa ya yi kamar yadda ta yi. Ya yi rabin da ya gani, ya bar rabin da ake yi yana kan keke.

“Ban san tsawon maganar ba lokacin da na yi ta,” ya ce a fili, coci babu kowa. “Amma na yi ta.”

Ranar Laraba ya sayo zakara ɗaya, ja. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi turmin, ya dubi katangar. Sai ya juya ya fita ta ƙofa, zakaran a hammata yana ta kuka, duk lungun na gani. Ya tsaya a bakin zauren tela.

“Salamu alaikum, Malam.”

“Wa alaikumus salam. A'a, Filibus! Ina wuni? Ya gida? Ya kwana biyu? Wannan baƙon fa, ɗinki ya kawo?”

“Yanka ya kawo.” Ya miƙa zakaran. “In ba damuwa, ka taimaka mani.”

Malam Babaji ya cire tabarau, ya jawo aljihun keken, ya tura zare da alli gefe, ya zaro wata wuƙa mai ƙota naɗe da baƙar roba. Filibus ya san naɗin. Shi ya yi shi da hannunsa, da robar tayar kekensa, tun Irimiya na firamare. Ya taɓa birkice gida yana nemanta, Rahila ta ce masa ya bari, za ta fito.

“Tawa ba ta da kaihi,” in ji Malam Babaji. “Ita ta ce in riƙe wannan, kada in riƙa wahalar mata da kaji.”

Suka tsuguna bakin kwata, Filibus ya riƙe ƙafafu, Malam Babaji ya yi bisimilla ya yanka. Almu na zaune kan babur ya ce, “Baba, ni fa ban karya ba,” aka ce masa ya jira.

Ma'u ta aiko cewa a miƙo mata ta dafa. Filibus ya ce a'a, alkawarin nasa ne. Ya kwance tukunya ɗaya daga ɗaurin. Da ya zo zuba gishiri sai ya ji muryar Ma'u ta bayan katanga: “Rabin abin da ke hannunka! Na ce rabi!”

Bayan azahar suka zauna a dakali, shi da Malam Babaji, langa ɗaya a tsakaninsu. An kai wa Ma'u nata, an kai na Hajiya. Almu ya ci nasa a tsaye. Filibus bai iya ci ba sai da ya ga loma ta shiga bakin telan.

“Gishirin ya daidaita,” in ji Malam Babaji yana tauna. “Shinkafar ce ba ta ji wuta ba. Amma za ka koya, yaro ne kai.”

Da suka gama Malam Babaji ya goge wuƙar ya miƙo masa. Filibus ya girgiza kai.

“Maida ta inda take. Ista na tahe.”

Aka kira la'asar. Malam Babaji ya ɗauki buta, Almu ya tayar da babur, lungun ya yi tsit. Filibus ya kwashi kwanon ya shiga gida. Kujerun nan biyu suna inda suke. Ya kira Kaduna.

“Kada ka ɓata man motarka. Bana ina nan.”

“Baba, na gaya maka, mutanen Mama ne.”

“Nata ne. Yanzu nike koyon yadda ta riƙe su.”

Yaron ya yi ta magana, Filibus ya bar shi ya gama. Da ya ajiye wayar ya wanke langar, ya kife ta. Sauran tukwanen ya bar su a ɗaure, ba ranar ba. Ya ɗauko sifanarsa daga ƙarƙashin gado, ya durƙusa gaban famfon, ya ɗaure shi. Ɗigar ta tsaya. Gidan ya ƙara yin shiru fiye da da. Ya zauna a kujerarsa, ya laluba aljihun tsohuwar rigar nan, ya ciro dabino ɗaya ya ci.